Jika 25 gare ni kuma biki uku na jirana, wane kaya zan ɗinka?

"Salamu alaikum Tanti. Ni ɗaliba ce a jami'ar Abdu Mumuni, ina zaune Talaje wurin yayata. Bayan sallah ina da biki uku a jere, na ɗiyar kawuna, na wata abokiyar karatuna, da na maƙwabtanmu. Duk abin da na iya tarawa jika 25 ne, wato sefa dubu 25. An fiddo inifom na bikin abokiyar tawa, turmi jika 12 ban da ɗinki. Gaskiya ba na son in je ina raɓe-raɓe cikin mutane, kuma ba na son cin bashi. Me zan saya, ina zan saya, wane ɗinki zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin kyauta da kika faɗi kuɗin da ke hannunki kai tsaye, don mafi yawan masu zuwa shagona sai mun gama zaɓen modal, na yi awo, na faɗi kuɗin aiki, sannan a fara "wallahi Tanti abin da ke gare ni ke nan". Ke kin fara daga inda ya kamata. In na fahimce ki, tambayarki uku ce a dunƙule: ki shiga ankon, wato inifom ɗin, ko ki bari, wane yadi jika 25 za ta iya ɗauka ba tare da an ga araha a jikinsa ba, da yadda kaya ɗaya ko biyu za su kai ki biki uku ba a ce kullum ita ke nan ba. Ni tela ce, na daɗe ina ɗinkin mata a nan Yamai, kuma abin da zan gaya miki shi nake gaya wa ɗiyan 'yan'uwana.

Maganar da zan fi nanatawa ita ce, a wurin biki ba wanda ke zuwa ya juya bakin zanenki ya karanta sunan kamfani. Abin da ido ke fara gani shi ne yadda rigar ta zauna a kafaɗa, ko ta ɗaure a hammata, ko tsawonta ya yi daidai, ko an goge ta da kyau, da ko kalar ta karɓi fatarki. Mutane na cewa araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya ciki in arahar ta faɗa kan ɗinki. In ta faɗa kan yadi kuwa ana iya gyarawa. Na sha ganin gezna, shaddar nan mai tsada, da aka kai wa tela saura kwana biyu biki, ya sa aparanti ya yanka cikin dare, wuya ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mai ita ta wuni tana jan kafaɗa. Kuma na sha ganin atamfar Sin da aka yanka da natsuwa, fulawar gaba ta faɗa daidai tsakiyar ƙirji, mata na bin mai ita suna tambayar wa ya ɗinka mata. To tunda kuɗinki kaɗan ne, ki sa a ranki tun yanzu rabo mai tsoka na ɗinki ne.

Kafin ki taɓa kuɗin

Jika 25 ɗin nan ba duka na kaya ba ne, kuma nan ne 'yan mata ke faɗawa rami. Biki uku yana nufin gudummawa uku, ko da jika guda-guda ce a ambulan, musamman na ɗiyar kawu wanda ba yadda za a yi ki je hannu rabbana. Akwai taksi, daga Talaje zuwa duk inda bikin yake, in ya zama Harobanda ne ko Kwara Kano ki san kos biyu ne zuwa biyu dawowa, in dare ya yi kuma direba ya ga kwalliya sai kuɗi ya canza. Akwai lalle, akwai kitso. Ni da ni ce ke, jika 7 zan ware gefe tun farko in manta da su, in yi lissafin kaya da jika 18. Na san ba daɗin ji, amma gara ki sani yau da ranar biki ki tsaya bakin gudoro da sabuwar riga ba ko dala ashirin a jaka.

Na biyu, ki tambayi kanki wane ɓangaren bikin za ki. Biki a Yamai ba zama ɗaya ba ne. Akwai fatiya da safe wadda yawanci harkar maza ce, mata na cikin gida ana hidima, akwai wuni inda za ki zauna kan tabarma ko kujerar roba ƙarƙashin rumfa tun hantsi har la'asar, a ci shinkafa a yi salla a yi rawa, akwai kai amarya, wasu kuma suna ƙara suware ko koktel a zauren haya. Kayan da ya dace da wuni daban yake da na suware. A bikin ɗiyar kawunki ma ke 'yar gida ce, rabin ranar kina ɗaukar kwanoni kina raba ruwa, ba wanda zai ga laifinki in kin wuni da atamfarki ta da mai tsabta, sai da yamma ki shiga ki canza. Na maƙwabta kuma leƙawa ce ta awa biyu ko uku. Kin ga ashe biki ɗaya ne cikin ukun ke neman cikakken wanka, na abokiyar karatunki, inda za a yi ta hotuna ana sawa a status.

Maganar inifom

Anko abu ne mai kyau a asalinsa, yana rufa asirin mai shi da marar shi tunda kowa iri ɗaya ya sa. Abin da ya ɓata shi shi ne riba da wasu ke ɗorawa, a sayo turmi a sari a ƙara masa jika biyu ko uku a ce wa ƙawaye ga farashi, wani lokaci ma a ce leshi na suware daban atamfar wuni daban. Ban ce abokiyarki haka ta yi ba, jika 12 na iya zama kuɗinsa na gaskiya in atamfar mai kyau ce. Amma in kika sayi turmin duka kika ɗinka, kin cinye jika 18 ɗin nan tas a kaya ɗaya wanda duk wanda ya ga hoton bikin ya san daga ina ya fito.

Abin da nake ba 'yan mata shawara shi ne raba turmi. Turmi yadi 6 ne, zane uku ke nan. Ki nemi wata cikin ƙawayen da ita ma aljihunta bai da nauyi, na tabbata akwai ta cikin guruf ɗin tana shiru ne kawai, ku saya tare ku raba yadi uku-uku, kowa jika 6. Yadi 3 na fidda doguwar riga madaidaiciya ga mace mai matsakaicin jiki in ba a sa mata baza da tattara ba, in kuma kina da jiki ko tsawo sai a haɗa da yadi maras zane mai kala ɗaya daga cikin kalolin atamfar, a yi hannu ko gefe da shi. Sau da yawa wannan haɗin ya fi turmi cikakke kyau ma, don cikin mata ashirin masu zane iri ɗaya ke ce ido zai tsaya a kanki. Kallabi kuma ba dole sai na atamfar ba, ki ɗaura mai kala ɗaya.

In ba ki samu abokiyar rabi ba, ki tambayi amarya kalar ankon kawai, ki sa abin da ya yi kusa da shi. Ki gaya mata gaskiya tun da wuri, ba ranar biki ba. Ƙawar da za ta yi fushi da ke don ba ki sayi turmi ba alhali kin zo kin wuni kin yi mata hidima, to wannan fushin ba kuɗi ke maganinsa ba. Wani abu kuma da ake mantawa, ki tambayi kalar ankon dangin ango, kar ki je ki ɗinka shuɗi ki tarar duk dangin miji shuɗi suka sa, a yi ta tura ki wajen zamansu.

Yadi, da abin da ya sa ya yi tsada

Bari in ɗan yi miki bayanin kasuwar don ki san abin da kike taɓawa. Atamfar da ake kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, a garin Helmond na ƙasar Holan ake buga ta, kamfanin yana nan tun 1846, kuma turminta na gaske ya fi duk kuɗin da ke hannunki. Ƙasa da ita akwai Uniwax ta Abijan da GTP ta Gana, su ma masu kyau ne amma sun fi ƙarfin wannan lissafin namu. Sannan ga na Sin, irin su Hitarget, waɗanda su ne suka cika kasuwa kuma su ne mafi yawan mutane ke sawa ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Shadda ma haka, gezna ta kamfanin Getzner ce a Ostiriya, da mita ake sayar da ita, mita uku kawai sun share jika 25 ɗinki. Don haka duk wanda ya miƙo miki "Holan" ko "gezna" a kuɗin da kike iya biya, sunan kawai ya sayar miki. Ni ban ƙi kwaikwayo ba, ina ɗinka shi kullum, abin da na ƙi shi ne a biya kuɗin suna a kan kwaikwayo. Ki ce wa mai shago a fili ta Sin kike so mai kyau, ya fiddo miki, ku yi cinikin ta Sin.

Tsadar da kike gani kuma ba duka son zuciyar 'yan kasuwa ba ne. Da can yawancin kayanmu ta tashar Kwatano suke shigowa su bi Malanbil su ƙetaro Gaya. Tun da aka rufe iyakoki bayan Yulin 2023 manyan motoci suka koma bin Lome su ratsa Burkina, hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, duk kuma a kan turmin nan ake fanshewa. Ta wani gefen kuma naira ta faɗi sosai daga 2023, Najeriya ta sake buɗe iyakarta a Maris 2024, shi ya sa kayan da ke fitowa daga Kantin Kwari na Kano ta Maraɗi ko ta Ƙonni, su leshi da yadin mata da mayafai, sukan zo da sauƙi in aka juya kuɗin zuwa sefa. In kina da 'yar ajinku 'yar Maraɗi da za ta gida hutun sallah, ba laifi ki ba ta saƙo, amma ki tura mata hoton kalar kuma ki yarda da abin da ta kawo, saƙo ba ya komawa.

A nan Yamai, Babbar Kasuwa ita ce ta fi zaɓi, amma shagunan da ke bakin ƙofa da masu gilashi da na'urar sanyi kuɗin hayarsu na cikin farashi. Ki shiga ciki, ki tambayi shago uku kafin ki fiddo kuɗi, kar kuma ki bi yaran da ke tarye ki tun bakin titi suna "Hajiya me ake nema", ladansu a kanki zai hau. Wadata ta fi natsuwa kuma ciniki ya fi sauƙin faɗawa. Ki je da safe ranar aiki, ki je da yayarki in ta iya ciniki, kuma kar ki je da kwalliya.

In kin ɗauki atamfa, ki fita da ita bakin ƙofa ki gani a hasken rana, fitilun cikin shago suna ƙara wa kala ƙarya. Ki juya bayanta, mai kyau kalar ta ratsa gaba da baya kusan ɗaya, wadda bayanta ya yi fari-fari fansi ce, fenti ne a fuska ɗaya kuma ita ke saurin koɗewa. Ki murza gefenta tsakanin yatsu, in wani farin gari ya fito ko ta yi laushi nan take to ƙaro ne aka cika mata don ta yi kauri, wanki ɗaya za ta zama tsumma. Ni ina yawo da farin hankici a jaka, in ɗan jiƙa shi in goga a bakin zanen, in ya ɗauki kala na san zai zuba a jikin mai shi ranar da ta yi gumi. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana wannan. In an ce miki auduga ce zalla kuma kina shakka, zare ɗaya daga bakin yadin ya isa, a gida ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta zama toka, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, rigar roba ƙarƙashin rumfar biki azaba ce, ga warin gumi da take riƙewa.

Akwatin yayarki

Yanzu ga inda nake ganin za ki fi cin riba, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Kusan duk matar aure a garin nan tana da shadda ko leshi na lefe da ta sa sau biyu ta ajiye, ko ya yi mata kaɗan bayan haihuwa, ko yayin ɗinkin ya wuce. Ki roƙi yayarki ta buɗe akwati. Babbar riga ta shadda irin ta da, wadda aka yi da mita biyar, tana fidda doguwar riga ta zamani har da ragowar kallabi. In fara ce ko mai haske da ta fara dafewa, a kai wa masu rini su mayar da ita kala mai duhu, ruwan goro, shuɗi mai duhu, kore irin na ganyen mangwaro, ko jan wake, a sa mata ƙaro a kai wa masu bugu. Shaddar da ta sha bugu da kyau tana fitowa da ƙyalli da ƙara kamar sabuwa, kuma tsohuwar shadda mai kyau ta fi sabuwa ta banza nesa ba kusa ba, don zarenta na gaske ne. Ki lura dai, rini daga haske zuwa duhu yake tafiya, ba a mayar da baƙi ruwan hoda, kuma in akwai tsohon aiki a wuya zaren aikin ba lallai ya kama rini daidai da jikin shaddar ba, gara a warware ɗinkin a cire shi kafin a kai. Tela ya fara gani kafin mai rini, shi zai gaya miki ko yadin zai isa.

In akwatin bai ba da komai ba, ki sayi yadi mai kala ɗaya maras zane, mai ɗan nauyi da ke zubowa, mita uku zuwa uku da rabi. Dalilin da ya sa nake son kala ɗaya shi ne ba a gane shi. Atamfa mai manyan fulawoyi sau ɗaya aka gan ki da ita an haddace, amma doguwar riga ruwan goro yau da kallabi ruwan zinari, jibi da mayafi ruwan madara da wata sarƙa daban, sai mai sa ido sosai zai ce ita ce ta rannan.

Bosho kuma, wato kayan gwanjo, kar ki ji kunyarsa. A Katako da gefen Wadata ana samun jakar hannu da takalmi masu kyau in kin yi sammako ranar da aka kwance dila, har doguwar riga ta suware wani lokaci, a wanke a kai wa tela ya rage ya ƙara mata hannu. Na kanti da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok, abayoyin Dubai da rigunan Turkiyya, akwai masu kyau amma hoto ba ya nuna nauyin yadi, kuma masu kyan sun fi kuɗinki. In za ki saya, ki je ki taɓa, ko a kawo miki ki gani kafin ki biya. Kar ki tura kuɗi kan hoto.

Wajen tela

Lokaci shi ne rabin kuɗin ɗinki. Kin ce bikin bayan sallah ne, to ki sani daga tsakiyar azumi, haka ma makonni biyu kafin layya, ba telan da ke cikin hayyacinsa a garin nan. Buhunan kaya ƙarƙashin tebur, kuran na ɗaukewa, mai gurup na ƙara kuɗi saboda mai, aparanti na barci kan keke. Duk wanda ya karɓi kayanki a wannan lokacin ya ce gobe, ya faɗa ne don ki tafi. Ko dai ki kai tun yanzu kafin cunkoso, ko ki bari sai kwana biyu-uku bayan sallah lokacin da shaguna suka yi fayau, in ranar bikin ta ba da wannan sararin. Kuma ki gaya wa tela ranar da ta riga ta gaskiya da mako guda. Ni tela ce nake gaya miki haka, mun san ana yi mana kuma ba mu jin haushi.

Ba sai kin je manyan atiliye na Filato ba. Telan kartiye da kika ga ɗinkinsa a jikin wata ya isa, a jikin mutum fa, ba a hoton waya ba, don hotunan da muke nunawa rabinsu ba mu muka ɗinka ba. Ki juya rigar da ya ɗinka ki ga cikinta, in ya bi bakin yadin ya kashe zare to mai kula ne. Ki ba da rabin kuɗi abans, sauran sai kin gwada. Ki tafi da irin rigar ciki da takalmin da za ki sa ranar, da su za a yi awo, in ba haka ba tsawon zai ba ki mamaki.

Modal kuma ki zaɓi mai sauƙi. Duk abin da ke cin kuɗi a ɗinki, duwatsu ne, aikin kwamfuta, baza hawa-hawa, da kwaset mai ƙarfe, kuma su ne ke fara tona asirin ƙaramin kuɗi, don dutsen araha kafin la'asar ya fara zuba a tabarma. Doguwar riga mai ɗan shiga a ƙugu ta buɗe daga gwiwa, ko bubu madaidaici mai siririn aiki a wuya da bakin hannu, ko tai-bas da zane, waɗannan ba sa tsufa. In kina son abin da zai bambanta ki, a sa siririn saƙi na hannu a wuya ko a gaba, irin namu na gida. Tun da Alphadi, mai zayyana tufafi ɗan ƙasar nan, ya fara FIMA, bikin nuna tufafin Afirka, a 1998 can Tigidit wajen Agadas masu ɗinkinmu suka ƙara gane saƙi da fata da azurfar ƙasar nan ado ne da ake nema har waje, amma har gobe 'yan mata sun fi yarda da dutsen roba, abin na ba ni mamaki.

Ranar gwaji kar ki tsaya gaban madubi kawai ki juya. Ki zauna ƙasa kamar kan tabarma ki tashi. Ki ɗaga hannu sama. Ki gwada naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, don za ki yi alwala a gidan biki kuma ba wurin tuɓewa, hannun da ya matse ya ƙi hawa matsala ce ta gaske. Ki yi ruku'u ki ga ko bayan ya ɗage. Ki ja zif sama da ƙasa da kanki, in yana cijewa a canza shi a sa mai kyau ko da za ki ƙara dala arba'in, na ga ƙawayen amare da yawa da aka ɗinke su da allura a ɗakin uwar amarya. Shafi kuma ki ce a sa na auduga ko mai sauƙi, kar a sa mai santsin nan na roba har ƙasa. Ki ce a bar miki yadi a cikin ɗinki ta gefe, yatsa biyu, don gaba in jiki ya ƙaru a buɗe. Atamfa a jiƙa ta a ruwan sanyi a shanya a inuwa kafin a yanka saboda tana ɗan shiga, shadda kuwa kar ruwa ya taɓa ta kafin biki.

Lissafin, kusa-kusa

Rabin anko jika 6, ɗinkinsa mai sauƙi kamar jika 4. Gyaran shaddar yaya, rini da bugu da ɗinki, ki sa mata jika 8, in kuma yadi za ki saya sabo to ki rage ado ki tsaya cikin wannan adadin. Jika 7 na gudummawa da taksi da lalle. Ankon ki sa shi a bikin abokiyarki, mai kala ɗayan ki sa a na ɗiyar kawu da yamma, na maƙwabta kuma ki maimaita ta da wani kallabi da mayafin yayarki. In akwai suware a na abokiyar, ita dai mai kala ɗayan ce za ta fidda ki, da ɗan kunne mai ɗan girma. Sarƙa ba sai kin saya ba, ki ara, in kuma wata rana kin samu sarari ki leƙa ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko wajen maƙeran gidan tarihi na Bubu Hama, ƙaramin kuros na Agadas ko na Tawa da 'yan kunnensa yana hawa kowace riga kuma ba ya koɗewa kamar ruwan gwal na kanti. Takalmi ki sa mai faɗin dunduniya, yawancin gidajen biki yashi ne, tsinin talon nutsewa yake.

Wannan lissafin daga nesa na yi shi, ban ga tsawonki ba ban ga jikinki ba, kuma yadi uku da ya ishi wata ba lallai ya ishe ki ba, wannan sai an sa tef. Farashi ma yana motsi daga wata zuwa wata, kusa da sallah ya fi hawa, don haka kafin ki ba da jika 6 na anko ki fara kai wa telanki hoton atamfar da awonki ya ce miki eh ko a'a. In ya ce ba za ta isa ba ko da haɗi, ki bar ankon, ki zuba jika 18 ɗin duka a riga ɗaya mai kala ɗaya da kallabi biyu, ki zaɓi kalar da ta yi kusa da tasu.